Mai Jar Hula: Mai Ita Ne, Mai Sayar da Ita, ko Mai Sanye da Ita?

   

Maganarmu ta yau a kan kalma ɗaya ce ta Turancin Ingilishi, wadda ake kiran mutumin da ke sanye da wani abu a jikinsa, riga ce ko hula, takalmi ne ko agogo ko tabarau. Na san wani dattijo zai ce, kai yaro, mu da ke fama da tsadar dusa da canjin sefa, ina ruwanmu da Turancin mai sa riga? Baba, a yi mini haƙuri, a ba ni aron hankali na ɗan lokaci. Kalmar ƙarama ce, amma a kanta mutum na iya kwana a caji ofis, a kanta kuma yana iya komawa gida wurin iyalinsa.

Iyakar Nijar da Najeriya kusan kilomita 1,500 ce. Wanda ya tashi daga Konni ya shiga Illela, ko daga Ɗan Isa ya gangara Jibiya, ko ya kora shanu zuwa karar Maigatari ranar Alhamis, da Hausa zai yi cinikinsa daga sallama har biyan la'ada. Amma ranar da abu ya ɓaci, aka je gaban 'yan sanda ko kwastan na Najeriya, abin da ka faɗa da Hausa, da Ingilishi za a rubuta shi. Haka abin yake ga wanda ke zuwa Gana. A nan Nijar ma, kundin da aka ƙaddamar a 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kun ga ke nan wannan harshe ba a ƙetare kaɗai za mu riƙa cin karo da shi ba.

To bari mu fara daga gida, daga tamu Hausar. Muna da wata 'yar kalma mai ɗaukar kaya kamar raƙumi, ita ce "mai". In na ce mai gida, ko mai gona, kun san wanda ya mallaka nake nufi. In na ce mai goro, ko mai shayi, kun san mai sayarwa ne. In kuma na ce mai farin rawani, ko mai shuɗin gyale, kun san wanda ke sanye da abin nake nufi. Kalma ɗaya, aiki uku. Mu ba ta ruɗa mu, domin yanayin maganar ke nuna mana inda aka dosa. A tsakiyar kasuwa in ka ƙwala kira ka ce "mai takalmi!", wanda ya kasa takalma ne zai waiwayo, ko da yake kowa a wurin da takalmi a ƙafarsa.

Ingilishi bai yi haka ba. Shi kowane ɗaya da sunansa. Wanda ya mallaki abu "owner" ne, ana furta shi kamar "ona". Mai sayarwa "seller" ne, wato "sela". Wanda kuwa ke sanye da abin a jikinsa, shi ne "wearer", ana furta shi kamar "wera", a ɗan ja wasalin farko. Wannan ta ukun ita ce kalmarmu ta yau.

Ginin kalmar ba baƙon abu ba ne a kunnenku. Bature na ɗaukar sunan aiki ya liƙa masa 'yar jela a ƙarshe, sai ya zama sunan mai yin aikin. Daga nan muka samo direba, da lebura, da birkila. Duk wannan "a" da kuke ji a ƙarshensu, jelar nan ce. Sanya tufafi a harshensu "wear" ne, aka liƙa masa jelar ya zama "wearer". Mu a Hausa a gaba muke liƙa tamu: noma ya ba mu manomi, kiwo ya ba mu makiyayi, ƙira ta ba mu maƙeri. Sai dai ba mu ƙera wa mai sa tufafi suna irin wannan ba. Cewa muke yi "mai sanye da", ko mu taƙaita mu ce "mai" kawai. To a wurin taƙaitawar nan ne ramin yake.

Ku ɗauka an kwance wa wani bawan Allah tunkiya a kara, ko an yanke masa aljihu. Kai ka ga wanda ya yi, aka kira ka shaida. Ka ce, "Mai jar hula ne." Abin da kake nufi a fili yake: mutumin da jar hula ke kansa a wannan lokaci. Amma in tafintan da ke tsakani ya yi gaggawa ya ce "owner", abin da zai shiga takarda shi ne wanda ya mallaki jar hular. Idan hular ta aro ce fa? Ko ta sata ce ita ma? Ɓarawo ya yar da ita ya gudu, aka tsince ta, mutane suka shaida ta wane ce. Shi ke nan, an kamo mutumin da ko kasuwar bai je ba ranar, kuma da shaidarka aka kamo shi. In kuma tafintan ya ce "seller", to wanda ya kasa huluna a bakin kara ne zai ga ta kansa. Ba ka yi ƙarya ba, tafinta ma bai yi niyyar zalunci ba, amma an cuci wani.

Haka abin yake in an juya shi. A ce sanyin hunturu ya kama ka a hanya, abokin tafiya ya ba ka aron babbar rigarsa. Aka zo shinge aka laluba aljihu, aka sami abin da ba ka san da shi ba. A nan bambancin "wearer" da "owner" shi ne dukkan maganar da za ka yi. Kai ne ke sanye da rigar, wannan ba a musu. Amma ba kai ne mai ita ba. In aka tambaye ka da Hausa, "Kai ne mai rigar nan?" ka ce e, domin a jikinka take, aka rubuta "owner", to ka amsa abin da ba naka ba. Shi ya sa nake roƙonku, in an yi muku irin wannan tambaya, kada ku tsaya a e ko a'a. Ku warware: "Ni ke sanye da ita, amma ba tawa ba ce, aro aka ba ni." Kuma tun kafin a kai nan, duk rigar da za ka ara, ka zazzage aljihunta a gaban mai ita.

Wani abin lura kuma. Mu a Hausa kusan kowace sutura da nata aikatau. Riga sa ta ake yi, rawani naɗa shi ake yi, zane ɗaura shi ake yi, gyale a yafa, hula a kafa, zobe a zura, laya a rataya, turare a shafa. Bature ya tattara waɗannan duka ya zuba su a cikin "wear". Har turare da gemu, a wurinsa da wannan kalma ake faɗinsu. Amma abin da ka riƙe a hannu ko ka ɗauka a ka, ba ya shiga nan. Shi kalmarsa "carry" ce. Saboda haka makiyayi na gari, malfarka da takalminka "wear" ne, sandarka da gorarka "carry" ne. Jami'i in ya tambaye ka me kake "wear", tufafin jikinka yake nufi. In ya tambaye ka me kake "carry", kayan da ke tare da kai yake son sani, har da wuƙa ko adda in akwai. Wannan tambaya ta biyu a amsa ta da natsuwa, a faɗi abin da ke nan da amfanin da ake yi da shi, kada a bari sai an gano.

Yanzu ga tarkon da ke kama 'yan uwanmu da suka yi lakwal. A Faransanci aikatau ɗaya ne, "porter", yake nufin sanyawa, yake kuma nufin ɗauka. Mai sanye da tabarau "porteur" ne, mai ɗauke da buhu ma "porteur" ne. Sai yaro mai Faransanci ya tsallaka Najeriya, ya ga ai Ingilishi ma yana da kalmar "porter", ya ɗauka ita ce. Ba ita ba ce. A Ingilishi "porter" ɗan dako ne, irin na tasha da na kasuwa. In ka nuna mutum ka kira shi da wannan kalma don kana nufin shi ne ke sanye da hular, ɗan sanda zai tafi neman ɗan dako. Sau da yawa waɗannan yara ne muke jawowa su yi mana tafinta, saboda su ne suka yi boko. To ku gaya musu su kiyaye wannan.

Akwai kuma wata 'yar uwarta da ke kama da ita a kunne, "bearer". Ana furta ta kamar "bera", amma fa ba ɓeran rumbu ba ne. Ita tana nufin wanda ke riƙe da takarda. Za ku gan ta a fasfo, da wasiƙar da hukuma ko sarki ke ba mutum don a san shi, da cakin kuɗi. Cakin da aka rubuta wannan kalma a kansa, duk wanda ya kai shi banki shi ake nufi, don haka a adana shi kamar tsabar kuɗi. Masu Faransanci sun san shi da "au porteur". Ku makiyaya kun san takardar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, ta tsara a 1998, mai nuna yawan dabbobi da rigakafin da aka yi musu da hanyar da za su bi. Yaron da aka ba kiwo yana iya zama shi ke riƙe da takardun garke, alhali shanun na Alhaji ne da ke gari. In an ce masa "kai ne mai shanu?", shi ma ya warware: ni ke kiwonsu, ni ke riƙe da takarda, mai su wane ne, yana wuri kaza.

Ina za ku fi ganin kalmar "wearer" da idonku? Ba a bakin mutane ba, a rubuce. Tana jikin kwalin kaya, da 'yar takardar da ake ɗinkawa a cikin tufafi, da sanarwar hukuma. Kuma sau da yawa in ta fito, maganar lafiyar wanda zai sa abin ake yi. Rigar kariya daga nutsewa, wadda ake ba masu shiga kwalekwale a kogin Kwara wajen Gaya ko a tafkin Chadi, ana rubuta mata nauyin mutumin da za ta iya ɗauka, da kilo. Ta yaro ba za ta riƙe babba ba, ta babba kuma yaro na iya sulluɓewa daga cikinta. Hular kwano, wadda muke ce wa kaske, ana rubuta mata kewayen kan mai sa ta da santimita. Alhaji mai shago, in ka gane wannan kalma, lambar da ke kusa da ita ce za ta nuna maka wa ya dace ka sayar wa. Kwalaben maganin kaska da na feshi kuwa, za ku ga "wear" a jikinsu tare da hoton safar hannu da takunkumi. Umarni ne, cewa ake yi ka sa su kafin ka taɓa maganin, domin irin wannan guba ta fata ma tana shiga jiki.

Maganar kaske ta tuna mini da misalin da ya fi kowanne fito da bambancin nan. A ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta wa masu babur sa hular kwano, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su tsere wa kamu. To ka ɗauki ɗan kabu-kabu da ya sayi kaskensa mai kyau, amma ya rataye shi a kan babur saboda zafi. Shi ne "owner", domin da kuɗinsa ya saya. Yana "carry" ɗinsa, domin ga shi nan tare da shi. Amma bai zama "wearer" ba, tunda kansa a buɗe yake. Doka kuwa wanda ya sa take nema, kwalta ma haka. Ranar faɗuwa, ba a tambayar rasit.

'Yan gwanjo, ku matso kusa, wannan taku ce. Daga "wear" ɗin nan ne aka samo "worn", wato abin da aka riga aka sa. A littafin kwastan na duniya, tufafin gwanjo suna ƙarƙashin lamba 6309, kuma sunan da aka ba su shi ne "worn clothing". A wannan gefen, a wurin duwan, "friperie" kuka saba ji. In kuka ga waccan kalma a takardar kaya, ku san gwanjo ake nufi, ba sabo ba. Ku sani kuma gwanjo na cikin jerin kayan da kwastan ta Najeriya ta haramta shigo da su. A allon shaguna a Najeriya za ku ga an rubuta "wears", su tufafin sayarwa suke nufi. Akwai kuma "wares", mai sauti iri ɗaya da ita, wadda ke nufin haja kowace iri.

Cikin dilar gwanjo akan sami riguna da wanduna da huluna masu roɗi-roɗi irin na kakin soja. Suna da kauri, suna da araha, ga aljihu da yawa, shi ya sa matasan makiyaya ke son su lokacin sanyi. Don Allah ku bar su. Dokar Najeriya ta hana wanda ba soja ba sa kakin soja, haka ma ta Gana. A nan ba a duba wa ya saya ko wa ya ara, wanda aka gani da shi a jiki shi ake kamawa, wato "wearer". Kuma a irin halin tsaron da dazukanmu ke ciki, wanda aka hango daga nesa da irin wannan riga a bayan shanu, ba lalle a tsaya tambayarsa ba. Arahar da za ta ja maka wannan, ba araha ba ce.

To ta yaya za ka faɗi abin da kake nufi in ka sami kanka a gaban mai Ingilishi? Abin mamaki, su kansu masu harshen ba sa nuna mutum a hanya su ce masa "wearer". Kalmar rubutu ce. A magana cewa suke yi "the man in the red cap", wato mutumin da ke cikin jar hula, ko "he was wearing a red cap", wato yana sanye da jar hula. Ka ga ba maganar mallaka a ciki. Ku riƙe "wearing" ɗin nan, sai ku bi ta da launi da sunan tufafin. In kuma abin ba naka ba ne, jimla ɗaya ta isa: "I am not the owner." Ma'anarta, ba ni ne mai shi ba. Wanda bai iya riƙe waɗannan ba, babu laifi, ya faɗa da Hausa cikakkiya, ya bar gajeriyar "mai". Haka muke yi a nan gidan rediyo in an kawo cigiyar yaro ko tsoho: muna cewa "yana sanye da", mu faɗi launi, mu kuma ƙara da kamanninsa, tsawo da zane da tabo. Domin riga ana tuɓe ta a canza wata, amma tabon goshi yana nan.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Wannan ba taurin kai ba ne, haƙƙinka ne. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi, in bai jin harshen da ake shari'a da shi, a ba shi tafinta kyauta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 17, ta ce wanda ake zargi in bai jin Ingilishi, tafinta ya rubuta bayaninsa ya kuma karanta masa har ya fahimta. Cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, a maimaita mini da Hausa." In an zo wurin da aka ambaci riga ko hula ko jaka ko dabba, ka tsayar da mai karatu ka tambaye shi: a nan me aka rubuta, mai shi, ko mai sayar da shi, ko mai sanye da shi, ko mai riƙe da shi? Matambayi ba ya ɓata. In akwai kuskure, a gyara kafin tawada ta taɓa yatsanka, domin magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga takarda.

Iyayena Ardo-Ardo, da sarakunan zango, da shugabannin 'yan kasuwa, ku ne ake kira in ɗayanmu ya shiga hannu a ƙetare. Ku samu yaro ko yarinya a cikinku mai ɗan karatu, ku sa ya rubuta waɗannan kalmomi huɗu a takarda, kowace da ma'anarta a gefe: "wearer" mai sanye da abu, "owner" mai mallakarsa, "seller" mai sayar da shi, "bearer" mai riƙe da takarda. A ajiye ta tare da katin shaida. Wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda ke daji bai ji ba.

Nan za mu dasa aya. Allah ya tsare mu da sharrin hanya, ya ba dabbobi lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Ku huta lafiya.